Tsinuwar da Ta Nemi Suna

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma ba a banza na yi shi ba, don da ɓacin rai na kwanta, ko tuwo ban taɓa ba. Bari in fara gaya muku abin da ya kwantar da ni haka, kada ku ce tsohuwa Tasalla ta fara ruɗewa.

Bikin suna na je Bakori na ɗan kwana a can. Jiya da la'asar na dawo, ina sa ƙafa a tsakar gida sai rana ta dalle min ido. Gidanmu kuwa rana ba ta dallar ido a wannan lokacin, saboda mangwaron da marigayi Malam, mijina, ya shuka da hannunsa shekarar da na tare. Na ɗaga kai, babu mangwaro. Kututture kawai, fari fat, ga rassa an jibge a gefe kamar kayan wanki. Babban ɗana, wanda nake ce wa Yaro ko da yake gemunsa ya fara furfura, ya taso da sauri yana goge hannu a riga.

Ya ce, "Inna, sannu da hanya. Dama saiwar ce ta..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Kunnuwana suka toshe, idona ya rufe, na shige ɗaki na banko ƙofa. Na rantse a raina gari na wayewa zan tsine masa. Ba zagi ba, zagi ai kullum yana sha. Tsinuwa nake nufi, ta uwa, wadda kowa ya san ba ta faɗuwa ƙasa banza. Da ita barci ya ɗauke ni.

Sai ga ni a wani gari da rana tsaka. Bangayen garin ja ne, suna kumbura suna lotsawa a hankali. Ruwan sama ake yi, amma daga ƙasa yake tsatsowa yana hawa sama, na tara hannu na lasa na ji gishiri. Ciyayin bakin hanya duk sun miƙe tsaye cak, ba iska ba komai. Na ce a raina wannan gari ba lafiya ba, na ja mayafina na ci gaba.

Kasuwa na fara tararwa. Mata suna ta rufe tukwane suna yayyafa wa murhu ruwa, tuwo bai nuna ba, miya ko tafasa ba ta yi ba. Na tare wata mai ƙiba da ke gudu da muciya a hannu.

Na ce, "Baiwar Allah, lafiya kuke kashe wuta da rana tsaka?"

Ta ce, "An ce ba girki yau. Yaƙi ake."

"Yaƙi da wa?"

"Af! Mu za ki tambaya, Inna Tasalla? Ke ce mai garin. Nan Kasuwar Ciki ce, cikinki. Duk sanda mai gadi ta yi ihu, mu ake fara korawa."

Na ce to, ashe cikin jikina nake. Ban yi mamaki ba. Takaicina ɗaya, da na ga yadda aka bar tukwanen ba wanki.

Sai ga ni a gindin wani dogon turke a can saman gari. A kansa wata zabuwa ce 'yar mitsitsiya, wuyanta ya miƙe, idonta ya yi ja, tana ƙwala ihu ba ƙaƙƙautawa. Kowane ihu ta yi sai bangayen garin su girgiza.

Na ce, "Ke! Rufe mana baki. Wace ce ke?"

Ta ce, "Mai gadi."

"Me kika gani?"

"Maciji!"

Na duba inda take kallo. Na ce, "Igiyar shanya ce, sakarya."

Ta ce, "Oho. In na tsaya tantancewa, kafin in gama an sare ki. Ni aikina ihu. Ran da kika kusa taka kububuwa a bayan rumbu, wa ya ɗaga miki ƙafa tun ba ki san kin gan ta ba? Ko godiya ba ki yi min ba." Sai ta juya ɗaya idon ta sake tsandarawa, "An sare! An sare! Ana saran mangwaro!"

Na ce, "Ai an riga an sare tun jiya."

Ta ce, "Ni ban san jiya ba. Duk sanda kika tuna, a wurina yanzu ne."

Daga gindin turken ana hango gari duka. Can ƙasa akwai tuddai biyu masu siffar ƙoda, kan kowanne wata mata zaune da turmi, tagwaye ne, ko ɗaurin kallabinsu iri ɗaya. Zabuwa na yin ihu sai su kife turmin barkono a cikin kogi, su sake cikawa su hau daka. Kogin ja ne wur, kuma ba gangara yake ba, hawan tudu yake yi, yana kumfa yana tunkarar sama. Na gane shi nan take. Hawan jinin nan ne da ma'aikaciyar asibiti take min kashedi a kai, ni kuwa ina ce mata ta ji da nata.

A tsakiyar kogin wani kwalekwale yana tafiya ba matuƙi. Cikinsa ƙunshi ne, an naɗe da zanena mai ruwan ƙasa, wanda nake ɗaurawa ran Juma'a.

Na ce, "Wa ya ɗauki zanena?"

Zabuwa ta ce, "Saƙonki aka naɗe da shi. Tsinuwar ce. Ƙofar Baki za a kai ta, gari na wayewa ta fita."

Gaskiya fa, da farko daɗi na ji. Na ce madalla, ashe akwai masu jin magana a garin nan. Sai kwalekwalen ya zo daidai ƙasanmu, ƙunshin ya motsa, wata 'yar ƙafa ta leƙo daga bakin zanen, da 'yan yatsu biyar suna murzawa. Jaririya ce. Gabana ya faɗi, tim, a kan hanya. Na sunkuya na ɗauka, na kakkaɓe ƙasar na mayar.

Na ce, "Innalillahi. Ɗan mutum ne a ciki."

Ta ce, "Taki ce. Ke kika haife ta da la'asar. Daga inda Yaro ya fito, nan ita ma ta fito."

Sai ga ni a wani zaure mai duhu, ko tafin hannuna ba na gani. Na yi sallama, wata murya ta amsa a hankali, kalma ɗaya sai ta huta kafin ta biyu.

"Shigo. Nan ne kotun Goshi. Yi haƙuri da duhun, an ɗauke mana wuta an kai unguwar Hannu da unguwar Ƙafa. Haka ake mana duk ran da zabuwa ta tashi."

Da idona ya saba sai na ga alƙalin. Hawainiya ce da rawani, tsaye a tsakiyar zauren, ƙafa ɗaya a sama tana lilo gaba da baya, ba ta yanke shawarar sauka ba.

Na durƙusa na ce, "Allah gafarta alƙali, ƙara na kawo. Ɗan da na haifa ya sare min..."

Ya ce, "Na sani. Ɓangare ɗaya na ji. Maganar ɗaya ɓangaren tana Ƙofar Kunne, kin kulle ta a waje tun la'asar, rabinta a ciki rabinta a rana. Can na nufa in buɗe."

Na kalli ƙafar nan da ke lilo. Na ce, "Da wannan tafiyar? Yaushe za ka isa?"

"Kullum ina isa. Sai dai in tarar an gama."

"To ni ban ce a tsayar da komai ba. Ya cancanta. Wallahi ya cancanta."

Ido ɗaya ya juyo ya kalle ni, ɗayan yana kallon ƙofa. Ya ce, "Ƙila. In ya cancanta, ni da kaina zan raka jaririyar har waje. Amma in ta fita ban ji ba, ba mai dawo da ita, ko ke. Magana zarar bunu ce. Abu ɗaya zai rage wa kogin gudu kafin in iso. Kai zuciya nesa."

Na ce, "Haba, alƙali, wannan ai maganar da ake gaya wa kowa ce."

Ya ce, "Ana gaya wa kowa, ba wanda yake kaiwa. Ga ta nan."

Ya nuna da jela. Ƙwarya ce a ƙasa an rufe da faifai, faifan yana tsalle, kwap, kwap, kwap. Na ɗaga na leƙa, zuciyata ce, ta yi zafi har tana huci. Na yi gammo da gefen mayafi na ɗora ta a kai. Ba don tausayin Yaro na ɗauka ba, kada ku yabe ni. So nake alƙali ya ji ya ce ni ke da gaskiya. Sai kuma 'yar ƙafar nan da ta ƙi fita daga idona.

Sai ga ni a tasha. Mota ɗaya ce tal, tsohuwa, ba tayoyin gaba, amma a tsaye take daram. Direban ya leƙo da kai ta taga yana kira, "Nesa! Nesa! Saura mutum ɗaya!"

Malam ne. Ya daɗe da rasuwa, amma ga shi da hularsa a karkace kamar kullum, kuma a duniya ko keke bai iya ba. Ban tambaye shi ba, shi ma bai yi bayani ba. Na shiga gidan gaba na ɗora ƙwaryar a cinya.

Ya ce, "Tasalla, kin rame."

Na ce, "Ja mu tafi, Malam, sauri nake."

"Motar nan ba ta san sauri ba, kuma ba da mai take tafiya ba. Da numfashinki take tafiya. In kin ja, ta tsaya. In kin sake shi a hankali, dogo, ta yi gaba. In kika yi haki, baya za ta yi."

Na ja numfashi na furzar, fu, kamar mai hura wuta. Motar ta zabura baya, ta daki wani bango, bangon ya ce wash.

Ya ce, "Ba haka ba. Kamar kina fifita wa jariri kunu."

Na sake. Na ja, na sake shi sannu sannu, har ƙirjina ya zama fanko. Motar ta gangara. Na ƙara, ta ƙara. Muka fita daga gari muka hau wata doguwar hanya wadda ta taso daga ƙeya ta bi ta wuya ta sauka har ciki. Faifan ya rage tsalle. Ruwan da ke hawa sama ya tsaya a iska yana shawara, sai ya fara saukowa yadda Allah ya halicce shi. Ciyayi suka kwanta. Har na jiyo ƙamshin daddawa daga wajen kasuwa, alamar wata ta sake hura wuta. Ta madubi na hango kogin ya lafa, kwalekwalen yana juyi wuri ɗaya.

Na ce, "Nesan da saura?"

Ya ce, "Ba wanda ya taɓa isa. Tafiyar ce dai." Sai ya gyara murya, irin gyaran muryar da na sani, wanda yake yi in zai faɗi abin da ba zan so ba. "Tasalla, mangwaron nan fa kusa da bango na shuka shi. Tun ina raye saiwar ta shiga ƙarƙashin ɗakinki. Kin ga tsagar da ke bayan gadonki, wadda kika rataya wa tabarma don kada a gani. Damina na zuwa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari."

Na ce, "Na san da tsagar."

"To?"

"To bai tambaye ni ba!"

Faifan ya yi tsalle ya bugi rufin motar.

Na ce, "Jira ya yi na bar gari. Ni da gidana, a mayar da ni baƙuwa, in dawo in tarar an yanke hukunci? A ƙarƙashin itacen nan na yi wankan jegonsa. A nan kake zama in kawo maka fura. Shi kaɗai ya rage min wanda hannunka ya taɓa, Malam, shi kaɗai! Yau itace, gobe ni za a ɗauke a jibge a gefe."

Ina faɗa ina kuka, kukan kuma sama yake tafiya. Tsoro ne, yanzu na san tsoro ne, amma a lokacin fushi kawai nake ji, har cikin haƙorana.

Ya ce, "Ba shi kaɗai ya rage ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka..."

Na ce, "Kai ma bayansa za ka bi? Ko a kabari ba za ka daina ba?"

Daga can nesa zabuwa ta tsandara ihu. Kututturen nan ya tsaya min a ido, fari fat. Na fara haki. Motar ta yi baya da gudun da ban taɓa gani ba, hanya tana wucewa ta gabanmu, kasuwa ta wuce ana sake kashe wuta, tagwaye suka wuce suna kife turame da hannu bibbiyu. Malam yana taka burki yana cewa, "Saki numfashi, Tasalla, saki!" Ina! Zuciyar ta tafasa ta malalo a cinyata. Na juya in ce masa wani abu, kujerarsa ba kowa, sitiyari yana juya kansa.

Sai ga ni a Ƙofar Baki. Wuri ne busasshe ƙamas, rijiyoyin gefe duk sun ƙafe, ko ɗigon miyau babu. Dogarai ne jere sama da ƙasa cikin fararen riguna, waɗansu sun yi ruwan goro, akwai giɓi nan da can inda na rasa nawa. Tsakaninsu wata doguwar shimfiɗa ja, mai laushi, ta miƙe har bakin ƙofa, a kanta nake tsaye. Ta tsagar ƙofar ana ganin gari ya fara haske.

A gefe ga tebur, bayansa wata tsohuwar akuya da tabarau tana tuƙa. Kwalekwalen ya riga ni isowa. Akuyar ta ɗauko ƙunshin ta miƙo min kamar ungozoma.

Ta ce, "Barka da arziki. Riƙe."

Na karɓa. Hannuna da kansa ya tallabe ƙeyar, abin da hannu ya saba. Ɗumi gare ta, da nauyi fiye da girmanta. Na buɗe fuskar. Kyakkyawa ce, wallahi, da hancin gidanmu. Idonta a rufe. Ta yi hamma, sai na ga bakin cike da haƙora, manya, irin na babban mutum.

Na ce, "Me take ci?"

Akuya ta ce, "Albarka. Ta fara da ta kasuwarsa, ta koma ta lafiyarsa, in ta gama ta bi 'ya'yansa. Ba ta ƙoshi, ba ta tsufa. Ai kin sani, kin ga irinta a gidan mutane."

Na gani kuwa. Akwai wani a unguwarmu da uwarsa ta yi wa baki, duk abin da ya taɓa sai ya lalace, har ta mutu tana cewa ta yafe, abin bai sake shi ba.

Na waiga. Can ƙarshen hanya ga alƙali, ɗan tsito, rawaninsa kawai ake gani, ƙafa ɗaya a sama.

Akuya ta ce, "Kada ki jira shi, gari zai waye. Saura abu ɗaya. Makauniya ce, ba ta san wanda za ta bi ba sai an raɗa mata. Sa bakinki a kunnenta ki faɗi sunansa."

Zabuwa ta sake ihu. Kogin ya tumbatso har kan shimfiɗar, ya taɓa idon sawuna, zafi kamar ruwan wanka. Na sunkuya na ce, "Yaro."

Jaririyar ba ta motsa ba.

Akuya ta sauke tabarau. "Yaro ba suna ba ne. Duniya cike take da yara, wanne za ta bi? Sunan yanka muke so."

Na ce, "Ɗan fari ne. Ba na faɗin sunansa."

"Mun sani. Shi ya sa bakin uwa yake kamawa. Sunan da ba a taɓa sawa a baki ba, sabo ne dal, bai dushe ba. Faɗi."

Jama'a, tun ran da aka yanka ragon yaron nan sunan bai taɓa bi ta bakina ba. Ina ƙuryar ɗaki aka shigo da shi daga zaure, mata suka rangaɗa guɗa, na ja mayafi na rufe fuska don kunya, na maimaita shi a zuci inda ba mai ji. Ko yaron maƙwabta aka aiko mai irin sunan, sai in ce mai sunan Yaro. A asibiti da yana ƙarami aka tambaye ni, na yi shiru har sai da ƙanwar Malam ta amsa. Na ajiye shi kamar zanen da ake sawa a ƙasan adaka, ana jiran ranar da ta isa. Ashe wannan ce ranar.

Na so in miƙe. Na rantse da Allah na so in miƙe in mayar mata da 'yarta. Amma kogin ya kawo gwiwa, kututturen yana idona, bai tambaye ni ba, bai tambaye ni ba, shi kaɗai nake ji kamar luguden daka. Shimfiɗar da nake tsaye a kai ta motsa da kanta, ta lanƙwasa ta taɓa bayan dogaran sama. Harshena ne, kuma ba ni yake jira ba.

Na ji muryata ta ce, "Za..."

Jaririyar ta buɗe ido. Farare ne, ba baƙi a ciki. Ta juya kai wajen ƙofa tana shinshina.

Akuya ta ce, "Yauwa. Ci gaba."

Na toshe baki da hannu, hannun ya ƙi zuwa, an ce yana fagen yaƙi. Na nemi numfashin nan dogo, babu, sai haki. Na ƙwala wa alƙali kira, ya ɗago kai daga nesa ya ce yana tafe.

"...ka..."

Ta zame daga hannuna ta dira da ƙafafunta. Jaririyar la'asar, ga ta tsaye, zanena yana ja a ƙasa. Ƙofar ta fara buɗewa. Ta wajen na hango tsakar gidanmu, na hango bayan Yaro, ya sunkuya yana wani aiki, bai san da kowa ba. Ƙeyarsa irin ta Malam. Ta taka ɗaya, ta taka biyu, ta tsaya tana jiran saura. Sauran kuwa ya riga ya hau kan harshen, yana gangarowa, ina jin ɗanɗanonsa, daɗi gare shi, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Ban iya tsayar da harshen ba. Sai na juya ga dogarai na daka musu tsawar da ban taɓa yi wa ɗan kowa ba. "Ku rufe! Don ubanku ku rufe!"

Babbansu, wani mai ruwan goro, ya ce, "Inna, shimfiɗa tana tsakani."

"Ku haɗa da ita!"

Suka haɗu, na sama da na ƙasa, ƙas! Zafin ya ratsa ni har tafin ƙafa. Garin ya yi duhu. Cikin duhun ina jin jaririyar tana kartar ƙofa da farce, akuya tana cewa ba a taɓa barin suna rabi ba, a buɗe a ƙarasa, dogarai suna karkarwa suna bugun juna, kwal, kwal, kwal.

Kwal. Murfin buta ne.

Na buɗe ido. Ɗakina, gadona, asuba ta yi. Zanin gado ya jiƙe sharkaf da gumi, ƙirjina yana dakan shida-shida, bakina gishiri-gishiri, harshena ya kumbura inda na cije shi. A bakin ƙofa wani yana ajiye butar ruwan ɗumi a hankali, murfin ya zame masa ya faɗi, yana lalubensa a ƙasa. Na san tafiyar. Ya ɗauki murfin ya mayar.

Ya ce, "Inna, kin tashi lafiya?"

Na kwanta ina lissafin abin da ya fita da abin da bai fita ba. Raina har lokacin a ɓace yake, ba zan yi muku ƙarya ba. Gaɓa biyun nan kuma suna nan a bakina, ba su koma ba, dole a yi wani abu da su. Na ja numfashi na sake shi sannu sannu, sannan na buɗe baki da kumburarren harshena.

Na ce, "Za ka sha faɗa yau, Yaro. Wallahi za ka sha faɗa."

Na ji ya sauke ajiyar zuciya ta bayan ƙofa, doguwa, kamar wanda ya kwana da kaya a kai.

Ya ce, "To, Inna. Ki fara yin alwala, kada ruwan ya huce."